Fasilin Baba Fuseini

Cikin ranakun da na yi a kicin ɗin nan, wadda ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba da Baba Fuseini ya shigo da ƙunshin ganye a cikin jiƙaƙƙen tsumma, ya ajiye shi a kan teburin yanka a hankali kamar mai kwantar da jariri. Yawancinku ba ku tarar da shi ba, don haka bari in fara da yadda muke a lokacin.

A shekarar ce aka gama ginin ɗakin taro, masaukin bai kai girman da kuke gani yanzu ba. Baba Fuseini ne babban kuku. Shi ke yanke abin da za a dafa, shi ke riƙe da wuƙar nama, kuma babu tukunyar da ke fita sai ya ɗanɗana. Ni ce mataimakiyarsa, shinkafa da taliya da soye-soye a hannuna suke. Mma Azara ke da tuwo da miya. Sama da mu akwai manaja, Madam Comfort, 'yar Kumasi, wadda ta koyi Hausa a kasuwa, saboda haka kowa "kai" ne a wurinta, mace da namiji. Sama da ita sai Alhaji mai wurin, wanda ke zuwa ranar Juma'a ya ci soyayyiyar zabuwa, ya zagaya ya dubi fanfuna, ya tafi.

Ɗakin taro ba ya cika kansa. Madam ta lura cewa ƙungiyoyin da ke zuwa Tamale taron bita suna tahowa da baƙi daga Accra da ƙasashen waje, kuma waɗannan baƙin in suka ci tuwo da rana sai barci ya kwashe su a zaman yamma. Sai ta ce za mu ƙara abinci marar nauyi, wato salak ɗin makaroni. Ta yi mana bayani cewa ana dafa makaroni, a bar shi ya huce, a haɗa shi da tumatir da kokwamba da mai da lemun tsami da ɗanyen ganye masu ƙamshi, a ci shi da sanyinsa. Mma Azara ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce ai kwaɗo ne. Daga ranar sunansa a kicin ya zama kwaɗon makaroni, kuma har yau shi ne sunansa.

Matsalar ita ce ganyen. Madam tana son iri uku: ɗoɗɗoyar Turawa, mai faɗin ganye da sanyin ƙamshi fiye da tamu, da na'ana'a, da fasili, wani ganye mai tsaga-tsaga da ba a sayar da shi a kasuwarmu. Ta gwada sa a aiko daga Accra a mota. Kafin ya iso ya riga ya dahu a hanya. Tsakar masaukin siminti ne gaba ɗaya, ɗan filin da ke baya kuwa awakin maigadi sun riga kowa. Sai ta yanke cewa kowannenmu zai shuka a gidansa.

Ni aka ba ni irin ɗoɗɗoya. Mma Azara ta samo rassan na'ana'a wurin wani mai shayi a unguwarsu ta Gurugu. Da Madam ta ce fasili ne mafi wuyar fitowa, Baba Fuseini ya miƙa hannu. Ya ce abu mai wuya na babba ne. Kowace Litinin da safe muna zama da manaja, a yi maganar gas da kayan sito da wanda ya fasa faranti. Daga wannan makon aka ƙara batu ɗaya a ƙarshe. Madam za ta ce yaya ganye, kowa ya miƙe tsaye ya ba da rahoton gonarsa.

Tawa gonar a gidanmu na unguwar Changli rawayen galan ce da na raba biyu, na huda gindinta da ƙusa mai zafi, na cika ta da ƙasa da yashi da tsohon kashin kaji. Na ɗora ta a kan katanga inda inuwar mangwaro ke rufe ta da rana tsaka. Fanfonmu yana iya yin kwanaki bai ce uffan ba, don haka ruwan wankin shinkafa nake tara mata. Na koyi cewa in ka tsinke kan reshe sai ya fito da biyu, in kuma ka bar ta ta yi fure ganyen ya yi ɗaci. Na kuma koyi cewa duk gidanmu akwai masu ciwon ciki, domin tun da ta yi kyau babu ranar da wata ba ta zo neman ganye biyu na magani ba. Ta Mma Azara kuwa ta fi ƙarfin daron da aka sa ta, ta bi magudanar banɗaki ta mamaye gefen gida, abokan mijinta suka mayar da ƙofar gidan wurin shan shayi.

Baba Fuseini ya yi makonni yana miƙewa ya ce bai fito ba. Madam tana ce masa ya yi haƙuri, haka fasili yake. Sai wata Litinin ya miƙe ya gyara hula ya ce ya fito. Mako na gaba ya ce yana girma. Bayan nan ya ce ya cika daro. Daga nan ya fara ba mu shawara a kan noma. Ya ce asirin shi ne a ba shi ruwa da an fito sallar asuba, kuma kada a bar mata su sa masa hannu.

Bayan ƙaramar Sallah wata ƙungiya mai aiki da manoma ta kama ɗakin taro na yini guda. Sun ce in abinci ya yi musu, tarukansu na shekarar duka nan za su kawo. Alhaji kuwa ya riga ya faɗa wa Madam, ita kuma ta faɗa mana ba tare da ta rage komai ba, cewa in ɗakin bai fara kawo aiki ba za a rage ma'aikatan kicin. Wannan ita ce Larabar.

Na fara da makaroni tun da safe. Ga waɗanda ba su yi ba tukuna, ana tsame shi yana da sauran ƙarfi, a watsa masa ruwan sanyi, a tsane, a shafa masa mai don kada ya manne. Na yanka tumatir na cire 'ya'yan don kada ruwa ya kwanta a ƙasan kwano. Na soya wagashi, wato cukun nono, ƙanana-ƙanana. Ganye shi ne na ƙarshe, kuma ɗoɗɗoya da hannu ake yage ta, in wuƙa ta taɓa ta sai ta yi baƙi. Na wanke tawa, na wanke na'ana'ar Mma Azara, sannan na kwance tsumman Baba.

Ni fasili sau biyu na taɓa ganinsa, a hoton da ke jikin takardar iri da kuma wanda ya mutu a motar Accra. Duk da haka na ga wannan ya fi siriri, kamar gashin tsuntsu. Na murza na shinshina. Na juya ƙunshin, sai ga wani reshe ya taho da gindinsa. Gindin ja ne, zagayayye, kuma ƙasansa a shafe yake, yankan wuƙa. Kan karas ne.

Abin da ya fara zo mini shi ne tsohon ya ji kunya, ya biya kasuwa ya sayo abin da ya yi kama. Amma na san Baba Fuseini. Da ƙarya ya shirya, da ba zai taho da shaidarta a manne ba. Yana can gefen murhu yana gyara kaji, na je na tsaya kusa da shi na rage murya.

"Baba, ku duba wannan."

Ya goge hannu ya karɓa. Ya juya wajen taga, ya kawo shi kusa da fuskarsa har ganyen yana taɓa masa gira. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauke, ya bi gindin da babban yatsa. A hasken tagar ne na ga idanunsa sosai, tsakiyarsu ta yi fari-fari kamar ruwan da aka ɗiga wa madara. Nan take abubuwa suka dawo mini. Watanni kenan yana sa ni kunna tanda wai bayansa na ciwo. Gishiri da sukari sai ya taɓa da harshe kafin ya zuba. Kuma duk wanda ya matsar da cokali daga inda yake ajiye shi, ranar zai sha faɗa har yamma. Mu mun ɗauka tsufa ne ya ƙara masa zafin rai.

"Karas ne," in ji shi.

Na ce karas ne, Baba.

"Na ji ƙamshin tun tuni. Na ce ko shi da fasili dangi ne."

Ya zauna a kan akwatin lemo. Can ya ce aikin Rahinatu ne, wato matar ɗansa, wadda ke sayar da kayan miya a bakin titi a unguwarsu ta Dungu. 

Na ce masa abin mai sauƙi ne. Zan jefa ƙunshin a shara, mu ce wa Madam zafi ya kashe shi a hanya, in ƙara ɗoɗɗoya da na'ana'a, babu wanda zai sani. Ya girgiza kai. Ya ce yau karas ne, Allah ya taimaka abin ci ne. Gobe zai iya zama garin sabulu a madadin fulawa, kuma mutane ne za su ci. Ya tashi ya wanke hannu, ya gyara hularsa, ya nufi ofis. Na bi bayansa riƙe da ganyen, don babu wanda ya ce in ajiye.

A tsaye ya yi bayanin, da irin muryar da yake ba da rahoton Litinin. Ya ce fasili bai samu ba, abin da ya yi ta ba wa ruwa karas ne, kuma dalilin da bai gane ba shi ne ba ya gani sosai. Idon hagu ya fara tun kafin azumin bara, na dama ya biyo baya. Madam ba ta katse shi ba. Ta tsinki ganye ɗaya daga hannuna ta tauna, tana kallonsa.

"Duk wannan lokaci kana yanka nama a kicin, ba ka gani?"

"Hannu ya san hanya, Madam."

Ta ce ya nuna mata hannun. Ya miƙa, ta duba yatsun ɗaya bayan ɗaya, ta tarar duk suna nan. Sai ta ce yau babu wuƙa, babu wuta, zai zauna a kawo masa komai ya ɗanɗana, sauran magana sai baƙi sun tafi. Ta juyo gare ni ta ce, "Salamatu, kai ka riƙe kicin." Game da ganyen kuwa, ta ce ana cin sa, sai dai yana da ɗan ɗaci. In zaɓi masu taushi, in tsoma a ruwan zafi in cire nan da nan, in sa kaɗan. Ita za ta faɗa wa shugabar taron cewa fasili bai samu ba.

Da muka koma kicin Baba ya ɗauki wuƙarsa ya miƙo mini ta wajen ƙota. Wuƙar da in ka taɓa ta a da, sai ka gwammace ka taɓa wuta. Mma Azara ta dube shi ta dube ni, ta ci gaba da tuƙa tuwonta. Aka ajiye masa kujera a bakin ƙofa. Duk abin da na haɗa sai in kai masa a cokali. Ya ce miyar kaji ta yi, shinkafa ta yi, kwaɗon makaroni kuma yana son ƙarin lemun tsami da gishiri, don abu mai sanyi ya fi shan gishiri. Na ƙara. Ya sake ɗanɗanawa ya ce a fitar.

Baƙin sun rabu biyu a kansa. Wata Baturiya ta ci ta ƙara, ta tambayi sunan siririn ganyen. Madam ta ce mata ganyen karas ne daga gidan babban kukunmu, ita kuma ta gyaɗa kai ta rubuta a wayarta. Shugabannin manoma kuwa, wani dattijo a cikinsu ya yafito ni, ya tambaye ni a asirce ko gas ne ya ƙare mana. Ya ce kada in damu, shi zai jira a ɗumama. Na kusa da shi ya zuba wa nasa shito, soyayyen yajin nan, har ya koma baƙi, ya cinye, ya ce ba laifi. Tukunyar tuwon Mma Azara sai da aka kankare ta. Washegari ƙungiyar ta aiko cewa za ta kawo tarukanta, da sharaɗin a riƙa yin duka biyun, tuwo da kwaɗon. Ba a rage kowa ba.

Saura maganar Baba. Ranar Juma'a Alhaji ya zo, Madam ta faɗa masa komai. Ba na cikin ofis, amma tagarsa tana kallon inda nake soya zabuwa. Alhaji ya ce tsohon ya yi ƙoƙari, a yi masa godiya a sallame shi ya je ya huta. Madam ta ce ido ne ya lalace, harshen yana nan, kuma ita ba ta da wani irinsa a sito. Alhaji ya ce kuku marar gani haɗari ne. Ta ce ta yarda, shi ya sa take so a kai shi asibiti, ba gida ba. Suka yi ta ja har zabuwar ta huce na sake ɗumama ta. A ƙarshe aka tsaya cewa zai tafi hutu a duba idon, kujerarsa tana jiransa.

Ranar Lahadi na hau yalo-yalo, keke mai ƙafa uku, zuwa Dungu in gaishe shi. Rahinatu ta tare ni a ƙofa, ta ja ni bayan gida inda daron yake a ƙarƙashin darbejiya, kore shar. Ta ce tun makon farko kaji suka tone irin suka cinye. Kullum in ya dawo daga masallaci sai ya tsuguna ya shafa ƙasar da tafin hannu, ya zuba ruwa, ya tashi. Ta yi ta kallonsa har ta kasa jurewa. Sai ta yanke kawunan karas daga cikin kayan sayarwarta ta binne. Da suka yi tsiro ta ga yadda ya yi murna, ba ta iya komawa baya ba. In wasu suka ruɓe sai ta canza su lokacin da yake masallaci. Ta ce ita ta ɗauka ganyen ado ne, ba ta san baƙi za a ba ba.

Na tambaye ta ko sun san da maganar idon. Ta ce kowa a gidan ya sani. An koya wa yara kwashe kujeru da bokitai daga hanyarsa, ana ajiye masa buta a wuri ɗaya. Tun da shi bai faɗa ba, su ma ba su faɗa ba. Sannan ta tambaye ni ko saboda ita za a kore shi, don tun ranar Laraba gaisuwa kawai ke haɗa su. Na ce ba a kore shi ba.

Muna tsaye sai ga shi ya fito yana bin bango. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya tsuguna gaban daron, ya shafa ganyen, ya tura yatsa cikin ƙasa ya taɓa gindin. Rahinatu ta sunkuyar da kai.

"Waɗannan sun tsufa," in ji shi. "Gobe ki sa sababbi."

Ta ce to, Baba. Ta juya ta shiga ɗaki da sauri, ba ta fito ba sai da na tashi tafiya.

A asibiti aka ce yanar ido ce, aka yi masa aiki. Na hagu ya washe, na dama bai amsa sosai ba. Bayan wasu makonni ya dawo da baƙin tabarau. Ya tsaya a ƙofar kicin ya cire shi, ya bi wurin da kallo a hankali, daga murhu zuwa rufi. Duk muka tsayar da aiki, muna jiran ya yi addu'a ko ya yi hawaye.

"Salamatu, tun yaushe bangon nan ya yi baƙi haka?"

Na ce ya daɗe, Baba.

"Kuma kuna kallo."

Makon nan gaba ɗaya goge bango muka yi da kankare gindin tukwane. Ya dubi Mma Azara ya ce ta tsufa, ta ce shi ma da ya nemi madubi. Na mayar masa da wuƙarsa, ya auna ta a hannu ya dawo mini da ita, ya ce ido ɗaya da rabi bai isa nama ba. Ya riƙe sito da ɗanɗano har lokacin da ya ajiye aiki da kansa, ni kuma aka tabbatar da ni babbar kuku. Na daɗe ban ji daɗin sunan ba, don na san ta inda ya zo mini. Da sanyi ya shigo na gwada fasili a gidana, ya fito 'yan tsiraru. Na kai masa reshe ɗaya. Ya kalle shi da idon hagu, ya shinshina, ya tauna, ya ce karas ya fi shi.

Abin da na ɗauka daga wannan rana shi ne, mai aikin kicin ya fi ɓoye ciwonsa fiye da komai, domin yana ganin ranar da aka san hannunsa ya rage sauri ranar za a nemo wani. Waɗanda ke ƙaunarsa kuma su ne ke taya shi ɓoyewa. Mutanen gidansa sun kwashe masa bokitai, ni ma da bakina na ce masa mu jefa a shara mu yi shiru. Duk cikinmu shi kaɗai ya tuna cewa a ƙarshen aikin nan akwai mutum zaune da cokali, ya yarda da mu bai ma san fuskokinmu ba. Saboda haka in idonka ya fara hazo, ko bayanki ya ƙi miƙewa, ko hannu ya fara rawa a kan wuƙa, ku zo ku same ni tun da wuri, ni kaɗai, ba a zaman Litinin ba. Aikin kicin yana da yawa, za mu samo wanda jikin zai iya. Na fi son in ji daga bakinku da in gano a cikin kwano.